Kan Wayar da Malam Ya Matse

Tsintsiya ce ta fara tona wa maigidana asiri, ba ni ba. Ni tela ce, kekena yana falo ta wajen taga, teburinsa kuma yana ɗaya kusurwar, inda yake zama ya shirya wayoyinsa kafin ranar aiki. In na yi shara da safe, ɓangarena ƙyallaye ne da guntayen zare, ɓangarensa ɓawon waya. Da can sai in yi wata ban tsinci kan waya ko ɗaya a ƙasa ba, 'yan kawunan roba masu haske ɗin nan da ake matsewa a bakin wayar intanet, don Malam, maigidan nawa, ba ya matse kai sau biyu. Daga bara sai na fara kwashe su da yawa, yankakku, kowanne da ɗan guntun waya a bayansa. Na zuba su a shara na yi shiru.

Sana'arsa kai hoto nesa. In ana taro, mutane sun fi ƙarfin ɗaki, shi ake kira ya kafa babban allo a wani wurin, waɗanda ba su samu shiga ba su ga abin da ake yi. Wayar hoto irin ta bayan talabijin raguwa ce, taku kaɗan ta gaji. Shi ya sa yake da wasu 'yan akwatuna biyu da ba su wuce girman sabulun wanki ba, ɗaya mai aikawa a wajen kyamara, ɗaya mai karɓa a wajen allo, sai doguwar wayar intanet ta haɗa su. A cikin wayar akwai siraran wayoyi takwas, kowace mai kala a murɗe da farar abokiyarta mai ratsin kalar. Kafin a matse kai sai an jera su yadda ya kamata, shi kuma ba ya jerawa sai da waƙa a ƙasan maƙoshi: farin lemo, lemo, farin kore, shuɗi, farin shuɗi, kore, farin ƙasa, ƙasa. Tun yaranmu suna goye nake jin wannan waƙa, har na haddace ta ba da son raina ba.

Yana da wata 'yar na'urar gwaji da suke kira testa, mai ƙananan fitilu da ke kamawa ɗaya bayan ɗaya in waya ta haɗu. Amma ban taɓa ganin ya girmama ta ba. Lokacin da yake koya wa ƙanensa Dogo aiki, na sha jin yana cewa, "Testa makauniya ce. Abin da ta sani kawai, ta ɗaya a nan ta fito ta ɗaya a can. In ka yi kuskure iri ɗaya a kai biyun, za ta ce maka sannu da aiki. Ido ne alƙali."

To, idon ne ya fara gaza shi. Na ce ya miƙo mini shuɗin zare, ya miƙo kore, da na yi magana ya ce ni ce na cika tsirfa. Wayar hannu sai ya kai ta kusan hanci kafin ya karanta saƙo. Makullin mota ya koma hannun Dogo, wai manya ba sa tuƙi. Da na ambaci asibiti sai ya ce, "Tela, ki tsaya a kan almakashinki." Haka yake kirana in yana son ya rufe zance da wasa. Dalilinsa ban buƙaci ya faɗa mini ba. Mutumin da ya rubuta Gani Ya Kori Ji a jikin motar aikinsa, wa zai ba shi aiki in aka fara cewa ba ya gani? Tsoro ne, kuma namiji in yana jin tsoro a gidansa, faɗa yake yi ko raha. Nawa raha yake yi, na gode wa Allah.

Wadda abin ya fi taɓawa ita ce 'yarmu Auta. Tana makarantar koyon aikin jinya, a can take kwana, sai hutu muke ganinta. Karatu ya sa mata ciwon kai, aka duba ta aka ba ta tabarau, siriri, mai ƙarfe kamar zare. Ta zo hutu da shi a fuska, ta zauna a gaban babanta tana jiran tsiya, don duk gidan ba wanda yake tsokana kamarta. Ta gaishe shi, suka ci abinci, suka yi hira. Bai ce komai ba. Aka kwana, aka wuni, hutu ya kusa ƙarewa, bai ce komai ba. Ranar da za ta koma ta biyo ni kicin ta tsaya a bayana.

"Umma, Baba bai gani ba, ko?"

Na ce, "Ya gani mana, share ki yake yi."

"Umma, ni fa abin da nake karanta ke nan. Yanar ido ce take rufe masa gani, kuma cire ta ake yi, ba wani abu ba ne."

"To je ki gaya masa."

Ta je. Na ji shi daga kicin yana dariya yana cewa likita bokan Turai, tun ba a ba ta takarda ba ta fara neman marasa lafiya a cikin gida. Ta dawo da jan ido ta ɗauki jakarta. Da lokacin yaye su ya matso, ta kira ni a waya, muka gama zancen ɗinki da takalmi, sai ta ce, "Umma, ni ba abin da nake so ranar nan sai Baba ya gan ni. Ba ya ji an kira sunana ba. Ya gan ni." Na ce mata zai gani, na kashe waya na zauna ina kallon keke, don ban san da wane ido na yi mata alkawari ba.

Ɗakin taron makarantar ƙarami ne, ɗalibai da malamai da manyan baƙi sun ishe shi. Iyaye sai aka ce a ɗakin cin abinci za su zauna, can bayan wajen ajiye motoci, a kafa musu allo. Malam da ya ji, bai bar kowa ya rigaye shi ba. Ya ce wa Auta, "Kowace uwa za ta ga 'yarta kamar a tafin hannunta." Shi kuma, kamar kullum, a can baya cikin ɗakin taro zai zauna kusa da akwatin aikawa, inda na san dandamalin gaba ɗaya hazo ne a wurinsa.

Ranar yayen, da sassafe na shiga motarsu da kayan bikina a jiki. Dogo yana tuƙi yana kallona ta madubi.

"Matar Yaya, yau ke ce injiniya?"

"Kujerar gaba na zo kamawa. Kai dai ka kalli hanya, tsawon banza."

"Yaya, ka ji ta ko? Tun ba a biya ni ba an fara zagina."

Malam ya ce, "Ni ba na shiga tsakaninku, in na shiga ni ake bari da kunya."

Ina son kallonsa yana shimfiɗa waya, ko da ban taɓa gaya masa ba. Suka ajiye naɗin wayar a bayan ɗakin taro, Dogo yana warwarewa, shi yana ja. Ta ƙofar gefe suka fito da ita, ta bi gindin bango ƙarƙashin tagogi, ta tsallake kwata a kan wani ɗan katako. Inda motoci ke wucewa suka rufa mata tabarmar roba mai kauri. Da suka zo kusa da wayar janareta sai ya kauce mata da nisa, ya ce maƙwabtaka da wannan ba ta da alheri. Duk kwanar da aka sha sai ya bi ta da hannu, ya tabbatar ba ta lanƙwashe da ƙarfi ba, ya manne ta da tef. Hannun nan nasa bai tsufa ba ko kaɗan. Nisan kuwa ya yi yawa, shi da kansa ya ce saura ƙiris ya kai iyakar abin da akwatunan za su iya ɗauka. A ƙarshe suka zura ta ta tagar ɗakin cin abinci, ta sauka a bayan allon da suka riga suka kafa.

Kan da ke ɗakin taro ya fara matsewa, sannan muka tako tare zuwa ɗakin cin abinci, Dogo ya tsaya can yana daidaita kyamara. Na kama kujerata ta gaba na ɗora jaka. Daga nan ina hango shi a gefen allo, a tsugune, yana waƙarsa. Ya matse, ya sa testa, ya tsaya, ya ɗauki almakashi ya yanke. Ya sake ferewa, ya sake jerawa, ya matse. Wannan karon fitilun suka bi juna daidai. Ya ɗauki yankakken kan ya sa a aljihu, bai yar a ƙasa ba, ni kuma na shiga gyara ɗankwalina kamar ban gani ba.

Hoto ya fito. Ga dandamali, ga kujerun manya a jere, ga tukunyar furanni, har da wani mutum yana goge tebur. Na fara cewa alhamdulillahi, sai wasu fararen tartsatsi suka bazu a jikin allon, mutumin ya rabe biyu, allo ya yi baƙi. Ya dawo, ya ɗan tsaya, ya sake tafiya.

Malam ya kira Dogo a waya, ya zo da sauri. Suka canza akwatin karɓa da na ajiya, ba a rabu da abin ba. Suka canza abin ba shi wuta. Suka canza guntuwar wayar da ke shiga allo. Dogo ya bi doguwar wayar daga farko har ƙarshe ko mota ta taka ta, ya dawo ya ce lafiyarta ƙalau. Suka cire ta suka sa testa, fitilu suka bi juna tsaf kamar 'yan makaranta a layi.

A lokacin iyaye sun fara shigowa. Wani dattijo mai sanda ya zauna kusa da ni, ya ce jikarsa ya zo gani, tun jiya yake hanya. Wata mata da goyo ta tambaye ni ko nan ne za a nuna. Na ce nan ne. Kowa ya zauna sai ya ɗaga kai ya kalli allo, allo kuma ya nuna masa dandamali na ɗan lokaci ya ɗauke. Jami'in makarantar da ya ba su aikin ya leƙo, mutum mai ladabi, ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Malam ya ce, "Yanzu zai zauna, ranka ya daɗe." Mutumin ya kalli agogo, ya ce manyan baƙi sun kusa, ya fita. Na ga gumi ya jiƙa bayan rigar da na ɗinka masa don wannan rana.

Dogo ya ce, "Yaya, wayar nan ce ba ta da kyau. Jabu suka sayar mana. Ko in ruga kasuwa in kawo wata?"

"Kafin ka je ka dawo mu sake shimfiɗawa, an watse."

Abin da Dogo bai yi ba, kuma ba zai taɓa yi ba, shi ne ya ɗaga kan wayar ya duba. Ba lalaci ba ne. A wurinsu, kan da Malam ya matse ba a duba shi. Za a zargi akwati, a zargi wuta, a zargi mai kanti, a zargi ɓera, amma ban da wannan. Shekaru ne suka kafa dokar, ba wanda ya faɗe ta, kuma har zuwa bara ba ta taɓa ba su kunya ba.

Dogo zai sake canza akwati, hannunsa ya cika, sai ya miƙo mini bakin wayar. "Matar Yaya, riƙe mana kar ta faɗi ƙasa." Na riƙe. Tela kuwa ba a ba ta abu mai kala ta riƙe ba ta duba ba. Robar fara ce tas, ana ganin wayoyin a jere a ciki. Na bi su da waƙar a zuciyata. Farin lemo, lemo, sai na ga farin shuɗi a mazaunin farin kore, farin kore kuma ya koma mazauninsa. Na sake bi daga farko, ko ni ce na ruɗe. Ba ni ba ce.

Ni mai baki ce, kowa ya sani. Shekara guda ina tara magana, ga ta ta zo har bakina da shaidarta a hannu. Amma na kalli bayan rigar nan da ta jiƙe, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Dogo, ka bar kyamara ita kaɗai a can, mutane suna shiga. Je ka duba, in ta faɗi ba ruwana." Ya ce wallahi kuwa, ya fita da dogayen ƙafafunsa.

Na zagaya bayan allo, inda ba mai ganinmu. Malam yana tsugune yana taɓa akwatin karɓa kamar mai lallashin yaro.

Na ce, "Malam, waƙar nan taka an canza ta ne?"

"Wace waƙa kuma?"

"Farin lemo, lemo, farin kore. A nan farin shuɗi nake gani a na uku."

Ya karɓi kan, ya miƙe, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Ya juya shi, ya matso da shi, ya nisanta shi. Ya daɗe.

"Testa ta ce daidai ne."

"Kai ka ce makauniya ce."

Ya zauna a kan akwatin kayan aiki. Daga gaban allo ana jin jan kujeru da gaishe-gaishe, wani jariri ya fara kuka aka rarrashe shi. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa take, kuma babu raha a ciki.

"Na can ma haka yake ke nan. Shi na fara ɓatawa, na zo nan na yi daidai, testa ta ƙi, na yanke na bi kuskuren." Ya juya kan a tafin hannunsa. "Kore da shuɗin nan sun zame mini ɗaya, Tela. Tun bara. Sai in ƙaddara in jera, in testa ta yarda, in yarda. A gajeriyar waya hoto yana wucewa ko an raba su da abokan murɗinsu, shi ya sa ban taɓa kamuwa ba. Nisa ne ba ya yafiya."

Na jira maganganun da na tara su fito, ko ɗaya ba ta zo ba. Na tsuguna da kayan bikina, na ce, "Fere mini, in jera."

Ya kalle ni, ko in ce ya kalli wajena. Sai ya ɗauki almakashi ya datse kan da kansa, ya fere ɓawon da juyi ɗaya, ya miƙo mini. Ashe wayoyin nan sun fi zare taurin kai, kowace da inda take son zuwa. Ya ce, "Kar ki warware murɗin da yawa, kaɗan ya isa. Miƙar da su da babban yatsa. Haka." Ya fara waƙar a hankali, ina jerawa, in ya ambaci kala in ce ga ta. Da na gama ya karɓa ba tare da ya bari sun motsa ba, ya daidaita bakinsu, ya tura su cikin sabon kai har ƙarshe, ya sa filaya ya matse. Wannan ɓangaren ko ido rufe zai yi shi.

Saura na ɗakin taro, inda Dogo yake tsaye. Muka fito muka bi gefen wayar, muka wuce tabarmar roba, motocin baƙi sun fara shigowa suna taka ta. Na ce, "In mun isa zan sake aikensa. Zan ce ya kawo mini ruwa." Malam yana tafe yana kallon ƙasa, filaya a hannu.

Ɗakin taro ya kusa cika. Ɗalibai sun zauna sahu-sahu cikin fararen kaya, ta baya duk iri ɗaya, ni kaina ban gane Auta ba. Dogo ya ga filaya ya ce, "Yaya, me za ka yanke? Kan ai lafiyarsa ƙalau."

Na buɗe baki zan yi zancen ruwa, Malam ya riga ni.

"Ka duba shi?"

"Kan da ka matse?"

"Zare ka duba."

Dogo ya zare, ya duba. Na ga lokacin da ya gane, don fuskarsa ce ta fara nunawa. Ya ce, "Ai wurin nan ba haske, Yaya. Ko ni ne sai in ruɗe. Kuma masu wayar nan ba sa sa kala sosai yanzu."

"Haske ƙalau yake, kala ma ƙalau. Idona ne." Malam ya faɗa kamar mai ba da labarin wani. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Daga yau duk kan da na matse a duba shi, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Ya yanke, ya fere, ya miƙa wa Dogo ya jera. Amma wayoyin sai kuɓuce wa Dogo suke yi, ƙaton mutum ya kasa jera su. Na ce, "Kawo nan, tsawon banza." Ya miƙo, ya goge ido da hannun riga, ya ce, "Ashe da gaske yau ke ce injiniya." Na jera, Malam ya matse, Dogo ya ɗaga kan wajen fitila ya duba shi da kyau, a karon farko a rayuwarsa, sannan ya soka a akwati.

Daga nan ba a ganin allon, sai mun koma. Muna shirin fita Dogo ya ce, "Yaya, ka zauna a can wajen akwatin karɓa. Mutane sun yi yawa, kar wani ya taka waya. Nan zan iya ni kaɗai." Mu ukun mun san wayar tana bayan allo a manne da bango, ba mai taka ta sai wanda ya yi niyya. Malam ya ce, "Haka ne. Kar a taka."

Tun kafin mu isa ƙofar ɗakin cin abinci na san an dace, don hayaniyar ta kwanta. Hoton yana zaune daram, ba tartsatsi, ba ɗaukewa. Har zaren da ke lilo a gefen mayafin tebur ina gani, na ce a raina ko wace tela ce ta yi wannan aika-aika. Dattijon mai sanda ya tsare mini kujerata da sandarsa. Malam ya jawo akwatin kayan aiki ya ajiye a gabana, dab da allo ta gefe, ya zauna a kai. Bai taɓa zama a wannan ɓangaren ba. Shekara da shekaru yana aika hoto, kullum yana can inda hoton yake tashi.

Aka yi jawabai, masu tsawo kamar yadda aka saba. Sannan aka fara kiran suna. Duk wadda aka kira sai ta hau, Dogo ya jawo ta kusa da kyamara, fuskarta ta cika allo. A ɗakinmu kuma sai wani lungu ya ɗauki tafi, ka san nasu ne. Da jikar dattijon ta fito, ya nuna ta da sanda ya ce, "Ga ta nan, ga ta nan," kamar wani ya yi masa musu. Malam yana zaune, hannunsa ɗaya a kan gwiwa, yana kallon 'ya'yan mutane suna wucewa.

Aka kira Auta. Ta hau a nutse, ta karɓi takardarta da hannu biyu, ta juyo. Dogo ya jawo ta kusa fiye da kowa, kuma ya ƙi sakinta, har shugaban makaranta ya fara laluben takarda ta gaba. Fuskarta ta fi tsayin mutum a allon. Tana murmushi, amma idonta yana yawo a bayan ɗakin taro, wajen akwatin aikawa, inda ta san babanta yake zama. Fitilar dandamali ta ɗan haska a gilashinta.

Malam ya miƙe. Ya matsa har ya kusa taɓa allon. Wani daga baya ya ce, "Malam, ka tare mana," bai ji ba.

"Tela."

"Na'am."

"Yaushe ta fara sa tabarau?"

"Tun bara. Da shi ta yi hutu a gabanka."

Bai juyo ba. Ya tsaya a wurin har Auta ta sauka, wata yarinyar ta hau, wani lungun ya ɗauki tafi. Sannan ya koma kan akwatinsa a hankali ya zauna. Ni kuwa kuka nake yi sosai, ban ɓoye ba, a ɗakin nan ba ni kaɗai ba ce.

Can ya ce, "Ya yi mata kyau."

"Ya yi."

"Ni take nema a can baya, ko?"

"Kai take nema."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da yankakken kan nan na ɗazu, ya juya shi, ya miƙo mini ta baya ba tare da ya kalle ni ba. Na karɓa na sa a jaka.

"Wanda ya duba mata idon," ya ce, "yana duba na tsofaffi?"

"Yana dubawa."

"To, ta kai ni. Ai yanzu aikinta ne."